Inda tsohuwar mota ke kwana a Birnin Ƙonni

Duk wanda ya bar babbar hanyar godoro a Birnin Ƙonni, ya shiga unguwanni da ƙafa, zai ga abin da matafiyi mai sauri ba ya gani. A waɗansu gidaje, dab da zaure, an fasa katanga an kafa ƙyauren ƙarfe mai faɗi. Bayan ƙyauren akwai rumfa, ƙarƙashin rumfar kuwa akwai mota wadda ta girmi yawancin mutanen gidan. Galibi Peugeot ce, ko 404 wadda jama'a ke kira kat-san-kat, ko ƙanwarta 504. Jefi-jefi a tarar da tsohuwar Land Rover. Wata tana fita kowace Laraba, ranar kasuwar gari, ta komo da yamma niƙi-niƙi da kaya. Wata kuwa ta yi shekaru ba ta motsa ba: tayoyi sun nutse cikin ƙasa, awaki na hawa bisa kanta, kaji sun mai da kujerar baya akurki.

Masana'anta guda ta ƙera motocin nan biyu, wataƙila ma cikin shekara guda. Abin da ya raba su bai wuce wurin kwana ba, da hannun da ke kula da su.

Hanyoyin da suka biyo

Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da 404 a 1960, watau shekarar da Nijar ta sami mulkin kai. 504 ta biyo baya a 1968, aka kuma zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969. Sunan da suka yi a Afirka ba na talla ba ne kawai. A tseren motoci na Safari da ake yi a gabashin Afirka, bisa hanyoyin laka da duwatsu, 404 ta zo ta ɗaya har sau huɗu, a 1963, 1966, 1967 da 1968, sannan 504 ta ci a 1975.

Ƙonni kuwa mararraba ce. Hanyar da ta taso daga Yamai, tafiyar wajen kilomita 420, ta nan take ratsawa zuwa Maraɗi da Damagaram. Gabas kaɗan, a Tsarnawa, wata ta ɓalle arewa zuwa Tawa, Agadas da Arlit. Kudu da gari kuma, bayan ƴan kilomitoci, sai Illela ta Najeriya, wadda bai kamata a rikita ta da Illela ta jahar Tawa ba, daga can sai Sakkwato. Ta waɗannan ƙofofi uku motocin suka shigo. Daga Yamai aka kawo na gwamnati da na kamfanoni, waɗanda in sun gama hidima akan yi gwanjonsu, su faɗa hannun ma'aikata da ƴan kasuwa. Daga kudu sai na Kaduna, inda aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a 1975. Ƙofa ta uku ita ce hamada: a shekarun 1970 da 1980 samarin Turai kan sayi tsohuwar Peugeot da arha a ƙasarsu, su keto da ita Aljeriya ta Tamanraset da Asamaka, su sayar a Arlit, Agadas, Tawa ko gaba, su koma gida da kuɗin jirgi. Wannan fatauci ya mutu a farkon shekarun 1990, sa'ad da tawaye a arewacin Nijar da rikicin Aljeriya suka toshe hanyar.

Ba don ado aka saye su ba. Mai buɗaɗɗen baya, wadda ake kira bashe a nan, akori-kura a tsallaken iyaka, ita ta yi ta jigilar albasar Galmi daga gona zuwa bakin hanya, da buhunan simintin Malbaza, da amfanin gonakin noman rani na Ƙonni. Mai dogon jiki ta ɗauki fasinja, ta kai marar lafiya asibiti cikin dare, ta kai amarya ɗakinta.

Abin da ya sa suka daɗe

Injin waɗannan motoci ba shi da kwamfuta. Wanda ke da kunne da ƴan maɓallai yana iya gane ciwonsa a gindin itace. Wani sirrin kuma yana can ciki: ramukan da fistan ke kai da komo a cikinsu riguna ne na ƙarfe da ake iya zarewa, waɗanda makanikai ke kira shemiz. In sun cinye sai a zare a sa sababbi tare da fistan da zobbansu, inji ya koma saurayi ba tare da an yar da gangar jikinsa ba. Mota guda tana iya yin haka sau da dama a rayuwarta.

Amma sauƙin gyara yakan ruɗi mutum ya ɗauka kome aka ba ta za ta ci. Ba haka ba ne. A yawancin 404 na zaman mutane, haƙorin da ke juya ƙafafun baya na tagulla ne, yana kuma da nasa mai na musamman. Wanda ya zuba masa duk man da ya samu, ko ya gauraya iri biyu, zai cinye haƙorin a banza, alhali samun irinsa yau sai an sha wuya.

Rumfa, daɓe da iska

Babban magabcin mota a ƙasar Adar shi ne rana. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma duk abin da aka yi da roba a jikin mota shi ke fara biyan bashin: tayoyi su tsattsage, robar ƙyaure ta bushe, bututun ruwa ya taurare ya fashe ran da ake cikin tafiya. Saboda haka inuwa ita ce farkon garaji. Sai dai inuwa suna ta tara. Rufin kwano mai ƙasa-ƙasa, wanda aka toshe ta ko'ina, tanda ne da tsakar rana. Gara a ɗaga shi sama a bar iska tana ratsawa. Rumfar zana ko ta kara ta fi sanyi, amma gara na cin ta, wuta kuma ba ta yi mata sallama. Lulluɓe mota da tamfol, wanda mutane da yawa ke ɗauka gata ne, yana da nasa lahani: iskar hunturu tana kaɗa shi bisa ƙurar da ta shige ƙarƙashinsa, ya yi ta goge fenti, da damina kuma ya riƙe laima.

Abin da aka fi mantawa shi ne ƙasa. Mota daga ƙasa take ruɓewa. Daga Yuni zuwa Satumba, tsakar gidan da ruwa ke kwanciya yana tura danshi cikin ƙarfen gindinta, tsatsa ta yi ta aiki a ɓoye har ran da ƙafar direba za ta burma. Daɓen siminti da ya ɗan fi tsakar gida tudu, ya kuma gangara wajen ƙofa, ya isa magani, ga shi kuwa Malbaza na kusa. Wanda bai da halin siminti ya zuba marmara ya daɓe da kyau. Daɓe mai tsabta yana da wani amfanin: da safe, ɗigon da aka gani a kansa yakan faɗa wa mai mota ko mai ne ke yoyo, ko ruwa, ko ruwan birki, tun abin bai zama ciwo ba.

Zama ya fi tafiya kisa

Akwai masu kulle mota su hana ta fita, wai don kada ta tsufa. Wannan kuskure ne, kuma shi ya kashe motoci da yawa. Batir yana saukewa da kansa ko ba a taɓa shi ba, zafi kuma yana gaggauta haka. Esansin da ya kwana watanni cikin karbirato yakan bushe ya bar danƙo ya toshe ƙananan kafofi. Birki ya liƙe, taya ta kwanta ta gefe guda, ɓeraye su ci waya, zanzaro ya yi gininsa cikin bututun iska. Maganin bai da tsada. A fitar da ita kowane mako ko biyu, a yi tafiya har inji ya yi zafi sosai. Tayar da ita minti biyar a tsaye bai wadatar ba. In dole ta daɗe a ajiye, a cire wayar batir, a ɗora ta bisa kututture don tayoyi su huta, a saki birkin hannu.

Ruwa ma a kula da irinsa. Ruwan rijiya mai kanwa ko gishiri yana barin farin ɓawo cikin radiyato, kamar wanda ake gani a gindin butar shayi, har ya toshe hanyar ruwa inji ya riƙa tafasa. Tataccen ruwan sama ya fi. Batir kuwa ba a ba shi sai ruwan da aka tace musamman dominsa. Matatar iska tana son a duba ta akai-akai, balle lokacin hazo. Duk waɗannan in an rubuta su cikin ɗan littafi, da ranar juyen mai da adadin kilomita, an ratayе a rumfa, magajin mota ba zai fara daga duhu ba.

Garaji a cikin gida yana tare da mata da yara, nan kuwa maganar ta wuce ta ƙarfe. Hayaƙin inji yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, tana kuma iya kashe mutum cikin rufaffen ɗaki. Kada a tayar da mota sai ƙyaure na buɗe. Jarkar esansi, ko daga gidan mai ta fito ko daga ƴan ruwa-ruwa na bakin hanya, ba ta zama kusa da murhu, domin tururinta ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya iske wuta. Ba a shiga ƙarƙashin motar da ke bisa jak kaɗai. Baƙin man da aka juye da ruwan tsohon batir ba a zubar da su kusa da rijiya.

Sana'a mai harshe biyu

Abin da mai mota ba ya iyawa a gida, makanikin unguwa ke yi, kuma makanikin Ƙonni yana da wata baiwa da zaman iyaka ya ba shi. Yaron da ya shiga aparanti yakan koyi sunan kowane abu sau biyu: buji da fulogi, kile da sifana, kirik da jak, esansi da fetur. Na farko daga Faransanci, na biyu daga Ingilishi, duka kuma sun zama Hausa. Ba don burga ba ne: wanda za a aika sayen kaya Sakkwato ko Kano dole ya san sunan da mai shago zai gane.

Dogaro da kasuwar kudu yana da daɗi yana da ɗaci. An daina ƙera 504 ta zaman mutane a Faransa a 1983, amma ta ci gaba da fitowa daga Kaduna sama da shekara 20 bayan nan, abin da ya sa kayan gyaranta suka yawaita a wannan yanki. Sai dai duk ran da iyaka ta rufe, garaji ya ji a jikinsa: daga Afrilun 1984 zuwa Maris 1986, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024. Ta ɗaya gefen, karyewar darajar kuɗin sefa a Janairun 1994, lokacin da faran guda na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, ta ninka kuɗin duk abin da ake odarsa daga can. Tun daga nan aka ƙware a cin gawa: a sayi matacciyar mota a ajiye bayan rumfa, a riƙa cire mata gaɓoɓi ana rayar da ƴar'uwarta. Ana cikin haka motocin Japan na hannu suka cika hanyoyi, yaran da ke shiga sana'ar yanzu kuwa su suke koyo, da babura. Tsofaffin da ke gyara karbirato da kunne suna raguwa.

A Faransa, motar da ta kai shekara 30 tana iya samun takarda ta musamman ta kayan tarihi, kuma tun 1988 kamfanin Peugeot ke da gidan adana tsofaffin motocinsa a garin Sosho. Masu sha'awa a can sukan biya kuɗi mai yawa don 404 mai lafiyayyen jiki. A Ƙonni ba a kai ga kallon ta haka ba, ko da yake motar da ta kai albasar gari kasuwa shekara 40 ta fi wadda ke ɗaki a Turai labari.

Ranar da ta fi haɗari a rayuwar irin wannan mota ita ce ranar rasuwar mai ita. Tana shiga cikin gado, ba ta rabuwa kamar gona ko garke, kowane magaji yana da haƙƙi a cikinta, ba kuwa wanda zai sa kuɗinsa ya sayi batir don abin da ba nasa shi kaɗai ba. Takardar mota, watau kart giriz, tana nan da sunan mamaci, ta duwan ta ɓace cikin akwati. In magada suka yi hanzari, aka yi mata kuɗi, ɗaya ya biya sauran aka sauya suna, motar ta tsira. In aka bar maganar sai bayan damina biyu ko uku, mai sayen tsohon ƙarfe ne ke zuwa da amalankensa da sikeli, shi kuwa da kilo yake saye.