Ko Kun Sani? Treichville Garin Leburori Ce Tun Zamanin Turawa

Unguwar Treichville da ke Abijan ita ce wurin da a da ake kira Anoumabo, ƙauyen masunta na ƙabilar Ebrié. Turawan Faransa suka canza masa suna a 1934, don tunawa da Marcel Treich-Laplène, jami'insu da ya mutu a 1890.

Su Turawan sun zauna a unguwar Plateau, suka bar wa ma'aikata baƙar fata tsallaken ruwa. Gadar da ta fara haɗa wuraren biyu a 1931 ma, mai iyo ce a kan ruwa. Amma abin da ya cika Treichville maƙil shi ne mashigin Vridi da aka buɗe a 1950, wanda ya ba manyan jiragen ruwa hanyar shiga Abijan. Daga nan sai masana'antu da rumbunan ajiya suka yi ta tashi, 'yan dako da 'yan kasuwa suka kwararo daga Mali, Burkina, Nijar da Nijeriya, har da Hausawa.

A Treichville aka kafa jam'iyyar PDCI ta ɗan siyasa Houphouët-Boigny a 1946.