Gara, Danshi da Adon Falon Baƙi a Tsohon Soro

Sunan Ƙauyen Alu kaɗai ya isa ya tuna mana cewa wannan yanki na ƙaramar hukumar Tarauni a da karkara ne, kafin birnin Kano ya haɗiye shi. Har yanzu idan mutum ya ratsa lungunan nan zuwa Gyadi-Gyadi, zai ci karo da ragowar ginin ƙasa a tsakanin gidajen bulo. A wannan yanki ne wani bawan Allah ya gaji tsohon soro mai kaurin bango, ya mayar da shi masaukin baƙi, zauren kuma ya zama falon shan shayi da hira. Ya yi wa bango filastar siminti, ya lulluɓe shi da falankin katako mai sheƙi, ya shimfiɗa kafet daga kusurwa zuwa kusurwa, sannan ya kafa na'urar sanyaya ɗaki. Bayan damina biyu sai ya nemi in je in duba masa wani wari da ya ƙi fita. Da muka ɓamɓare falanki guda, sai ga gara ta yi hanyoyi, ƙasar bangon kuwa ta yi laushi kamar tuwo.

Mayar da tsohon gini ya zama otal na alfarma ba baƙon abu ba ne a duniya. Ƙasar Sifen ta kafa jerin otal-otal na gwamnati tun 1928, kuma da yawansu suna cikin tsofaffin fadoji ne. A Agadas ta Jamhuriyar Nijar, fadar da aka gina wa Kaosen, jagoran Buzayen da suka yi wa Faransawa tawaye a 1916 zuwa 1917, an mayar da ita otal mai suna Hôtel de l'Aïr, babban ɗakinta mai baka ya zama wurin cin abincin baƙi. Abin da baƙo yake biyan kuɗi ya gani a irin waɗannan wurare shi ne tsohon ginin kansa. Don haka ne yarjejeniyar birnin Benis ta 1964 kan adana gine-ginen tarihi ta yarda a yi amfani da su, amma ta hana a sauya tsarinsu ko adonsu. To, ina ruwan ilmin halittu da wannan magana?

Bangon ƙasa cike yake da ƙananan kafofi. Da damina, musamman a watan Agusta, ruwa yakan hau ta waɗannan kafofi daga tushen gini, kamar yadda kananzir yake hawa lagwani. Muddin fuskar bangon a buɗe take, ruwan yakan fice ya bi iska, bangon ya bushe. Siminti da fentin mai kuwa toshe kafofin suke yi. Ruwa ya shiga ta ƙasa, ba shi da mafita, sai ya taru a bayan adon inda ido ba ya gani. Baƙi ma suna ƙara nasu, domin kowane mutum da ke zaune yana fitar da tururin ruwa ta numfashi da gumi, yana kuma fitar da zafin da ya kai kimanin wat 100. Na'urar sanyaya ɗaki tana rage laimar iskar ciki, amma ruwan da take tatsa sau da yawa a gindin bango ake bari ya ɗiga, kuma wannan shi ne abin da na tarar a soron da na ambata.

Wuri mai duhu da laima shi ne abin da funfuna take nema. 'Ya'yanta suna yawo a iska ko da yaushe, ba sa tsira sai laima ta daɗe a sama da kashi 70 zuwa 80 cikin 100. Ita ce mai warin nan na tsohon akwati, kuma tana tayar wa masu asma ciwonsu. Kafet kuma yakan zama gidan wasu ƙananan ƙwari da ba a ganinsu sai da madubin likita, masu cin ɓawon fatar da ke zuba daga jikinmu.

Gara ta fi su ɓarna. Jikinta mai laushi ne, ba ta jure bushewa, shi ya sa take gina rufaffiyar hanya ta ƙasa duk inda za ta bi. Abincinta shi ne sinadarin selulos da ke cikin itace da takarda da auduga, kuma ba ita kaɗai take narkar da shi ba. Wasu nau'o'in suna dogara da ƙananan halittun da ke cikin hanjinsu, masu gina manyan suri kuwa naman gwari suke nomawa a cikin gidansu, shi yake fara ruɓar musu da itacen. Falankin da aka manna a bango mai laima ya haɗa mata abinci da ruwa da mafaka wuri guda.

Magina na da ba su san kalmar selulos ba, amma sun san halin gara. Da azara suke rufi, wadda ake tsagowa daga giginya, musamman namijin, domin zarenta mai tauri ne ƙwarai, gara ba ta cika iya ta ba. Tun da azara ba ta ɗaukar nauyi idan faɗin ɗaki ya wuce kimanin mita 2, sai suka ƙirƙiro baka, suna ɗora azara bisa azara cikin ƙasa har ta haɗe a sama. Wanda yake son ganin iyakar wannan gwaninta ya je Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na shekarun 1830, ko Gidan Makama a nan Kano, wanda asalinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Wajen shafe da daɓe kuwa makuba suke amfani da ita, wato ruwan ɓawon ɗorawa. Tana ɗauke da sinadarin tanin, irin wanda majema suke samu a bagaruwa, kuma tana sa ƙasa ta yi ƙarfi, ruwa ya zame, ba tare da ta toshe kafofin gaba ɗaya ba. Haka ma laso, da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara.

A ganina, mai son ƙawata falo a irin wannan gini ya fara da rage kaya. A bar bango da shafensa na ƙasa ko farar ƙasa, a bar zanen dagi ya fito. A sa tabarmi da dardumar da za a iya naɗewa a shanya. Kujerun katako su kasance masu ƙafa, nesa da bango da kamar taƙi guda. Fitila a haska ta sama ta bugi bakan, domin shi ne adon ɗakin, maimakon a ɓoye shi da sili. Wayar lantarki ta bi ta saman bango, kada a fafe shi. Na sha jin ana cewa wannan ba zai yi kama da otal ba, amma ban taɓa ganin baƙon da ya shiga Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa ya tambayi ina kafet ba.

Malamai za su iya nuna wa ɗalibai wannan a aji. A samo busassun tubala biyu masu girma ɗaya, a auna nauyinsu. A shafe ɗaya da fentin mai sama da gefe, a bar gindinsa, ɗayan kuma a bar shi haka. Idan fentin ya bushe sai a sake aunawa, a ɗora su a kan jiƙaƙƙen yashi a inuwa, ana yayyafa wa yashin ruwa kullum. Bayan mako biyu a auna su, sannan a fasa kowanne a taɓa cikinsa da yatsa.