Layi ake ƙirgawa: yadda masu manhaja ke ƙara kwamfutoci su rage, irin na masu fito a Malanville

Duk mai aika kuɗi ta salula daga Malanville zuwa Kandi ko Kwatano ya saba ganin saƙon da ke cewa ya sabunta manhajarsa. Kafin sabon gyaran ya iso hannunsa, an gwada shi sau da yawa a kan wasu kwamfutoci da galibi haya ake yin su, ana biya da dala ko yuro. Tambayar da ke cin kuɗin kamfanoni, manya da ƙanana, ita ce kwamfuta nawa ya kamata a kunna a kowane lokaci. Amsar da ta fi karɓuwa yanzu ita ce a bar tsawon layin ayyukan da ke jira ya yanke hukunci.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne a bakin kogi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai da takunkumin CEDEAO, an rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya. Benin ta buɗe nata ɓangaren a Fabrairun 2024, Nijar ta bar nata a rufe. Jama'a suka koma wa kwale-kwale. Mai kula da mashigi ba ya duban gumin masu tuƙi don ya san ko jirage sun isa. Bakin gaɓa yake duba. In mutane da buhunan albasa sun taru, a kira ƙarin jirage. In gaɓa ta yi fayau, wasu su ɗaure nasu su tafi gona. Haka manomin shinkafa a Toumboutou, ɗaya daga gundumomi 5 na Malanville a jihar Alibori (ba Tumbutun Mali ba), ba ya riƙe 'yan ƙwadagon girbi shekara guda yana ciyar da su.

Mene ne aikin da ake jira a yi?

Manhaja irin ta banki ko ta biyan kuɗi, mutane da yawa ne ke rubuta ta lokaci guda. Wannan yana gyara shafin shiga, wancan yana taɓa lissafin kuɗin aikawa. A da, kowa yakan yi makonni a kan nasa, ranar da aka zo haɗawa a tarar gyaran wani ya karya na wani. Maganin da aka samo shi ne haɗawa a kai a kai, abin da masu Faransanci ke kira intégration continue, ana kuma taƙaita shi da CI. Duk sa'ad da wani ya miƙa gyara, ko layi biyu ne, sai wata na'ura ta ɗauki manhajar gaba ɗaya ta harhaɗa ta, ta bi ta da gwaje-gwaje ɗaruruwa, ta ce lafiya ko akwai ɓaraka.

Tsare-tsaren da suka yi suna a wannan aiki su ne Jenkins, wanda ya samu sunansa a 2011, da GitLab CI, da GitHub Actions da aka buɗe wa kowa a Nuwamban 2019. Dukkansu gini ɗaya ne. Akwai cibiya mai karɓar ayyuka ta jera su a layi, akwai kuma kwamfutocin da ke zuwa su ɗauka su aiwatar. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan kwamfutoci ɗan aike ce: ta karɓi aiki ɗaya, ta gama, ta kawo rahoto. Kamfani na iya amfani da 'yan aiken da GitHub ko GitLab ke bayarwa, a biya da minti; GitHub na ba da minti 2,000 kyauta a wata ga ƙaramin asusu mai ayyukan sirri. Yana kuma iya kawo nasa, don ya fi araha ko don bayanan abokan cinikinsa su zauna a hannunsa. A nan ne tambayar yawansu ke tasowa.

Ayyukan ba sa zuwa daidai wa daida. Da hantsi ana ta miƙa gyara, lokacin sallar Juma'a shiru, daren da za a fitar da sabuwar siga kuwa kamar ranar babbar kasuwa. A ɗauka, a matsayin misali kawai, ofis ne mai miƙa ayyuka 30 a awa guda lokacin cunkoso, kowane aiki yana cin minti 10. Ka'idar da Ba'amurke John Little ya tabbatar a 1961 ta ce a ninka yawan masu zuwa da tsawon zamansu: 30 sau minti 10, minti 300 ke nan na aiki a cikin awa ɗaya, wato 'yan aike 5 da ba su da hutu. In aka bar su 5 a kunne dare da rana, wata guda zai ci awa 3,600. Amma kwanakin aiki 22 na awa 8 ba su wuce awa 880 ba ga su biyar ɗin. Fiye da kashi uku cikin huɗu na kuɗin hayar an biya wa na'urorin da ke zaune ne. In kuwa aka yi tsumulmula aka bar 2, layi zai yi ta tsawo, ma'aikatan da albashinsu ya ninka kuɗin na'ura su zauna suna jiran sakamako. Ko 5 ɗin ma ba su isa ba a gaskiya, domin mashigin da jiragensa ke cike kullum, tawaga ɗaya in ta sauko daga mota ta isa ta haddasa jiran da zai daɗe bai warware ba.

Me ya sa ba a auna gajiyar na'ura?

Tsohuwar dabarar ƙara kwamfutoci da kansu tana duban yadda ƙwaƙwalwarsu ke aiki ne. In ta haura wani mizani, a ƙaro wata. Kubernetes, tsarin kiwon kwamfutoci da Google ya fitar a 2014, da wannan ma'auni ya fara. Ga shafin intanet mai amsa baƙi dubbai, dabarar tana aiki. Ga 'yan aike kuwa tana yaudara ta fuska uku.

Ɗan aike na iya kasancewa a tsakiyar aiki alhali ƙwaƙwalwarsa na hutawa, saboda yana jiran wani kaya ya sauko daga intanet. Ma'aunin zai ce ba ya komai, shi kuwa ba zai iya karɓar wani aiki ba. Na biyu, aikin da ke layi bai hau kowace na'ura ba tukuna, don haka ba ya bayyana a ma'aunin kowa. Jirgi ɗaya cikakke a tsakiyar ruwa kamanninsa ɗaya, ko mutum 3 ne suka rage a gaɓa ko 300. Na uku ya fi sauƙi: in an kashe dukkan na'urori da dare don tsimi, babu ƙwaƙwalwar da za a auna, babu kuma abin da zai tashe su da safe.

Shi ya sa aka koma ƙirga layi. Wani ɗan tsari mai sa ido yana tambayar cibiya ayyuka nawa ke jira, nawa ke gudana, ya haɗa su, ya ɗora 'yan ko-ta-kwana, sannan ya daidaita yawan 'yan aike da jimlar, ba tare da ya sauka ƙasa da wani adadi ko ya haura wani ba. KEDA, wanda Microsoft da Red Hat suka fara a 2019, yana leƙa layi duk daƙiƙa 30 in ba a canza masa ba, kuma yana iya saukar da na'urori har sifili. GitHub na da nasa mai suna Actions Runner Controller, GitLab ma ya gina irin wannan a cikin GitLab Runner. Akwai kuma hanyar da ba leƙe ake yi ba: cibiyar ce ke aiko da sanarwa nan take duk sa'ad da aiki ya shiga layi. Ta fi sauri, sai dai sanarwa na iya ɓata a hanya, aikin ya yi ta zama ba wanda ya san da shi. Masu hankali sukan haɗa biyun.

Inda gizo ke saƙa

Ƙarawa ba ta faruwa nan take. Sabuwar kwamfutar haya na bukatar lokaci ta tashi, ta sauko da kayan aikinta, ta yi rajista da cibiya, kuma hakan na iya kai mintoci. In aikin kansa minti 2 ne, jiran jirgi ya fi ƙetarawa tsawo. Wannan ne amfanin 'yan ko-ta-kwana, guda ɗaya ko biyu da ke zaune a shirye lokacin aiki, a sallame su da dare da ƙarshen mako. GitLab ya ba da damar a rubuta wannan jadawali da awa da rana.

Jinkirin na haifar da wani kuskure da sababbin shiga ke yawan yi. Ayyuka 10 na jira, an kira na'urori 10. Bayan daƙiƙa 30 mai sa ido ya sake leƙawa, ya tarar 10 ɗin na nan domin na'urorin ba su gama tashi ba, ya sake kiran wasu 10. Dole lissafi ya cire waɗanda ke kan hanya. Haka kuma ba duk mai tsayuwa a gaɓa ne fasinja ba. Wani aikin yana jiran sa hannun shugaba ne, wani yana jiran na gabansa ya ƙare, wani kuma ya nemi irin na'urar da babu ita, misali ta Apple don gwada manhajar iPhone. In aka ƙirga irin waɗannan, za a yi ta kunna kwamfutocin da ba za su taɓa ɗaukar su ba.

Ragewa ta fi ƙarawa wuya. Ba a sallamar jirgi a tsakiyar kogi. In tsarin ya ga layi ya ragu ya kashe na'urar da ke minti na 25 a aikin minti 30, aikin ya lalace, a sake daga farko, mai gyaran kuma ya ɓata lokaci yana neman laifin da ba nasa ba. In an yi saurin sallama, bayan minti ɗaya a sake kira. Shi ya sa KEDA ke jiran minti 5 bayan layi ya ƙare kafin ya kashe ta ƙarshe.

Hanyar da ta fi tsabta, wadda GitHub ke ba da shawara a bi tun 2021, ita ce ɗan aike mai aiki ɗaya: a ƙirƙiro shi don aiki guda, yana gamawa a shafe shi. Ba a kashe kowa a tsakiyar aiki, kuma babu kalmar sirri ko tarkacen aikin jiya da za su saura wani ya tsinta, abin da ke da nauyi ga duk mai taɓa kuɗin mutane. Kuɗin wannan tsabta shi ne kowane sabon ɗan aike da hannu wofi yake zuwa, sai ya sake sauko da komai. Ana rage wahalar da ajiye rumbun kaya kusa da na'urorin. Abin da ya sa wannan salo ya yi araha shi ne sauyin lissafin haya: tun Oktoban 2017 Amazon ke cajin yawancin kwamfutocinsa da daƙiƙa, mafi ƙaranci minti ɗaya. Lokacin da ake biya da awa, shafe na'ura bayan minti 10 asara ce.

Adadi mafi muhimmanci a dukan tsarin shi ne rufin sama. Tsarin da ke bin layi ba ya tambayar dalilin tsawonsa. Kuskure ɗaya da ya sa aiki ke haifar da wani aiki na iya kunna na'urori ɗaruruwa a dare guda. Ɓarayi ma sun gano ƙofar: masu haƙar kuɗin kirifto sun yi ta cusa ayyukan bogi don su ci na'urorin kyauta, har GitLab ya fara neman katin banki daga sababbin masu asusun kyauta a Mayun 2021. Babban kamfani zai biya ya yi fushi. Ƙaramin ofis a Kwatano, Paraku ko Maraɗi mai samun kuɗi da sefa, takardar wata guda na iya durƙusar da shi. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, amma ba a ɗaure take da dala ba; abokan sana'a na Kano da Legas sun ga yadda hayar ta yi tsada a hannunsu bayan faɗuwar naira a 2023, ba tare da sun ƙara na'ura ko ɗaya ba.

Na'urorin kansu nesa suke. Manyan cibiyoyin Microsoft, Amazon da Google a nahiyar suna Afirka ta Kudu, an buɗe su a 2019, 2020 da 2024, kuma masu manhaja da yawa a yankin sun fi haya a Faransa ko Jamus. Wasu kan ajiye kwamfuta ɗaya ko biyu a ofis don aikin yau da kullum, su bar na haya don ranar cunkoso. Tsari ne mai ma'ana, muddin an tuna da ɗaukewar wuta, da kuma cewa cibiyar da ke riƙe da layin tana ƙetaren teku. Ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku 4 suka katse a gaɓar Kodebuwa, Benin na cikin ƙasashen da abin ya fi shafa. A irin wannan rana, 'yan aiken haya a Turai suna ci gaba da cin ayyukan da suka riga suka shiga layi, na cikin ofis kuwa suna kunne amma ba su jin kira.