Jonnie Peacock: Gudu da Ƙafar Aro

Sanƙarau ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, duk lokacin zafi akan ji labarinsa. Shi ne ya kama Jonnie Peacock, haifaffen Kambirij ta ƙasar Ingila, yana ɗan shekara 5. Yaron ya sha da ƙyar, amma sai da likitoci suka yanke masa ƙafar dama daga ƙasan gwiwa.

Da ya girma ya zama ɗan tsere, sai dai ƙafar aron da yake tsere da ita ba irin ta yawo ba ce. Wani lanƙwasasshen falle ne na sinadarin kabon, ba diddige, ba yatsu. Idan ya taka sai ta lotsa, sannan ta miƙe ta cilla shi gaba, kamar baka da aka ja aka saki. Masu cewa ƙafar ce ke yin gudun ba su fahimci abin ba: ƙarfin da cinya da kwankwaso suka danna mata, shi kaɗai take mayarwa. Wahalar ma tana wurin tashi, tunda babu idon sawun da zai tunkuɗa mutum. Ga kuma dungun ƙafar a matse cikin mazauninsa, gumi da gogayya na cin fata.

Ranar 6 ga Satumban 2012 aka yi ta ta ƙare a Landan, a tseren mita 100 na gasar Olamfik ta masu buƙata ta musamman. 'Yan kallo wajen 80,000 suka dinga kiran sunansa har alƙalai suka kasa sakin 'yan tsere. Sai matashin, mai shekara 19 kacal, ya ɗora yatsa a leɓe, filin ya yi tsit. Cikin daƙiƙa 10.90 ya lashe zinare. Oscar Pistorius na Afirka ta Kudu, wanda sunansa ya cika duniya a lokacin, na huɗu ya zo.

A Riyo a 2016 ya kare kambinsa da daƙiƙa 10.81.

Tokiyo kuwa ta zo da abin mamaki a 2021. Peacock ya fi sauri a kan yadda ya yi a Landan da Riyo, amma Felix Streng na Jamus ne ya ɗauke zinaren. Peacock da wani Bajamushen, Johannes Floors, suka tsallaka layi tare, har na'urar ɗaukar hoto ta kasa raba gardama. Aka ba kowannensu lambar tagulla.