Ja da Tsanwa: Abin da Dukawan Maradi Suka Riga Faransa Sani

Tun da aka watsa hotunan hawan Sallah na Maradi da Tibiri a Facebook, samari ke ta gardama wai masu ɗaukar hoto sun ƙara wa kayan dawakin launi da waya. Ba kowane hoto aka taɓa ba. Ja da tsanwa haka suke idan suka haɗa kafaɗa: kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi, domin ido yana auna su ne a kan sikeli guda, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan. Mai shakka ya ƙura wa jan ƙyalle ido na ɗan lokaci, sannan ya dubi farin bango, zai ga inuwar tsanwa. Mai sayar da tumatir na Jiratawa da ke shimfiɗa ɗanyen ganye a ƙarƙashin kayansa ya san wannan sarai.

Chevreul, shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins ta birnin Paris, shi ya rubuta ƙa'idar a 1839. Kafin nan fa? Dukawan ƙasar Hausa sun daɗe suna aiki da ita a kan linzami, ƙafar sirdi, kube da laya. Jan suna samo shi daga karan dafi, tsanwar kuma daga garin tagulla, wadda ke ba da fatar da ake kira korino. Ku lura da hikimarsu: ba sa raba filin biyu daidai. Ja ne ke cin fili, tsanwa ta shigo siririya, sau da yawa da baƙin layi ko fari a tsakani, don kada ido ya gaji. Masu buga allunan talla na yau, da ke ɗora jan rubutu a kan tsanwa har harufa su riƙa rawa, su je su koya.

Fatar da ke ɗaukar wannan rini kuwa ta jar akuyar Maradi ce, irin wadda a da ayari ke ƙetara Sahara da ita, Turawa suna kiranta fatar Maroko. Tun 1963 akwai cibiyar kiwonta a Maradi. Amma har yau fatunmu ɗanyu suke fita zuwa Kano, dukawa na tsufa babu magada, roba mai ƙyalli na maye gurbin aikinsu a kasuwa.

Hukumomin jiha da fadojin Katsinan Maradi da Gobir, me ake jira? A ɗauki tsofaffin dukawa su koyar a makarantun sana'a, a rubuta yadda suke haɗa rini tun suna da rai.