Kuɗin Asibiti a Takardar Rajista: Wa Ke Bin Sawunsu?

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Shirinmu na musamman na yau zai kai mu asibitocin da ke cikin jami'o'i da sauran manyan makarantun Najeriya, waɗanda ɗalibai ke kira kilinik, mu duba wanda ke kula da su da kuma inshorar lafiyar da ake saya wa 'ya'yanmu.

Duk uban da ya taɓa biya wa ɗansa kuɗin rajista, ya ɗauko takardar ya duba. Tsakanin kuɗin jarrabawa da na laburare da na wasanni, a makarantu da dama zai ga kuɗin asibiti, ko kuma wasu haruffa, TISHIP. Yawancinmu jimillar da ke ƙasa kawai muke kallo, mu yi salati, mu nemo kuɗin mu biya. Alhali wannan ɗan layin shi ne abin da yaro zai dogara da shi ranar da zazzaɓi ya kayar da shi a makaranta a Samaru, iyayensa suna Gashuwa ko Yawuri.

Dalilin da ya sa abin ke da muhimmanci shi ne, ko ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke cikin inshorar lafiya ta ƙasa, tsarin ya ɗauki shi da matarsa da 'ya'yansa huɗu ne, su ma waɗanda ba su kai shekara 18 ba. To a daidai waɗannan shekarun ne yaro ke shiga jami'a. Yana barin gida, yana fita daga inuwar katin mahaifinsa. Ɗan manomi da ɗan mai shago kuwa dama can ba su da katin. A ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majinyaci suke fitowa, ɗalibin da ke lissafin garin kwaki da sukari ba shi da halin biyan kuɗin tiyata.

An kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, shirin ya fara aiki a 2005 da sunan NHIS. A watan Mayun 2022 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta maye gurbinta da hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa. TISHIP shi ne reshen inshorar da aka ware wa ɗaliban jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da na horar da malamai. Taimakekeniya ce: dubban ɗalibai su zuba kaɗan-kaɗan, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga asusun.

(KIƊA)

Yanzu mu bi kuɗin. Makaranta ce ke karɓa lokacin rajista. Daga nan sai su bi ta hannun kamfanin da ke gudanar da inshorar, irin waɗanda ake kira HMO. Kaso ɗaya ana ba asibitin makaranta gwargwadon yawan ɗaliban da aka yi wa rajista, ko sun yi ciwo ko ba su yi ba, don ya tanadi magunguna da kayan gwaji. Wani kason ana riƙe shi don biyan babban asibiti idan ciwo ya fi ƙarfin kilinik aka tura ɗalibi gaba, kamar yadda ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello zai iya samun kansa a asibitin koyarwa na Shika, ko na Jami'ar Bayero a asibitin Malam Aminu Kano.

Kun ga ke nan hannu uku ko huɗu kuɗin ke ratsawa, kuma a kowace gaɓa za su iya maƙalewa. Idan makaranta ta jinkirta miƙa su, kamfani zai ce ba a biya shi ba. Idan kamfani ya jinkirta, kantar magani ta zama fayau. Mai shan wahalar shi ne yaron da ya yi layi tun safe, ya ga likita, ya isa tagar karɓar magani, aka mayar masa da takardarsa aka ce babu, je ka saya a waje. Ya biya a rajista, zai sake biya a kemis.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne dare. Ku ɗauki ɗaliba mai ciwon sikila, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu wannan lalura. Ciwon ya tashi ƙarfe biyu na dare a ɗakin kwanan ɗalibai, ƙawayenta sun tallabo ta zuwa kilinik, ma'aikaciyar jinya ta sa mata ruwa ta ga abin ya wuce nan. Kafin babban asibiti ya karɓe ta a kan inshora, yawanci sai kamfani ya bayar da lambar izini. Shin akwai wanda zai ɗauki waya a wannan lokacin? Motar ɗaukar marasa lafiya tana da mai? Direban yana kusa? A irin wannan daren ne ake gane ko kwangilar da makaranta ta sa wa hannu tana da amfani. A ganina, duk kamfanin da ba zai yarda a rubuce cewa za a fara ceto rai kafin a nemi lamba ba, bai cancanci kuɗin ɗalibai ba, komai arhar farashinsa.

Arha ɗin nan ita ce tarkon da masu zaɓen kamfani ke faɗawa. Shugaban jami'a yana tsoron ƙarin kuɗin makaranta ya jawo zanga-zanga, shugabannin ƙungiyar ɗalibai suna so su ce sun hana ƙari, sai kowa ya karkata ga mafi sauƙi. Amma farashin magani ya yi tashin gwauron zabi tun bayan cire tallafin mai da faɗuwar darajar naira a 2023, kuma kuɗin da ya ishi kantar magani shekarun baya ba zai ishe ta yau ba. Gara a faɗa wa iyaye gaskiya, a kuma nuna musu lissafi.

Akwai tambayar hutu. Ɗalibi ya biya kuɗin shekara, amma watanni da yawa yana gida. A 2022 yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ya rufe jami'o'in gwamnati daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas cur. Wanda ya yi hatsari a garinsu a irin wannan lokaci, wane asibiti zai je da katinsa? Kamfanin yana da asibitocin da yake hulɗa da su a jihohin da ɗaliban suka fito? Wannan ya kamata a warware shi kafin a sa hannu. Haka nan maganin haƙori da gilashin ido da haihuwa ga ɗalibai matan aure, waɗanda suke da yawa a makarantunmu na Arewa. Ga kuma damuwa da ciwon ƙwaƙwalwa, da muke yawan rufewa don kunya har sai yaro ya daina shiga aji.

(KIƊA)

To wa zai sa ido? Tsarin ya tanadi kwamiti a makaranta da ya haɗa hukumar makarantar da daraktan asibitinta da wakilan ɗalibai. Aikin wakilin ɗalibai a nan ya wuce zuwa taro ya sa hannu. Ya tambayi ɗalibai nawa aka biya wa, yaushe aka miƙa kuɗin, mutum nawa aka tura babban asibiti, nawa aka hana izini kuma me ya sa. A liƙa amsoshin a allon sanarwa kowane zango. Kuɗin ɗalibai ne, ba sirri ba ne.

Ku kuma ɗalibai, gwajin lafiyar da ake yi muku a shekarar farko, na rukunin jini da na sikila da hoton ƙirji, kada ku ɗauke shi wahalar banza, balle ku sayi sakamakon jabu don ku huta da layi. Fayil ɗin wannan gwajin likita zai buɗe ranar da aka kawo ku ba ku iya magana. Ku buɗe kati tun kuna lafiya, ku san sunan kamfanin inshorarku, ku ajiye lambar wayarsa ta gaggawa, ku ba abokin ɗakinku ita. Idan an hana ku abin da kuka biya, ku fara da daraktan asibiti da ofishin kula da harkokin ɗalibai. In abin ya faskara, hukumar NHIA tana da ofisoshi a jihohi, kuma karɓar irin wannan ƙorafi yana cikin aikinta.

Nan za mu dakata. A huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)