Harbin baka: a gida ake zama gwani

Tun kaka da kakanni mutanen Kurfai sun san baka da kibiya. Da su anka tsare garuruwa, da su anka ci naman daji. Amma yau daji ya sake. Namun daji sun ragu ƙwarai cikin Dallol Boso. A shekara ta 1996, raƙuman dawa 49 kaɗai sunka rage a ƙasar Nijar. Dokar ranar 29 ga Afrilu 1998 ta ce ba a farauta sai da takardar izini. Ta hana kashe raƙumin dawa sam. Ban da haka, a wannan zamani na rashin kwanciyar hankali, yawo cikin daji da makami shina jawo wa mutum zargi.

To, sai a jingine baka har gara ta cinye shi? A'a. Harbin baka wasa ne babba a duniya. Ana yin shi a wasannin Olimpik kowane karo tun 1972. Can, maharbi shina tsayawa nisan metir 70. Tsakiyar abin da yake bara ba ta kai faɗin faifai ba, santimetir 12 ce da ɗan kai. Matan Koriya ta Kudu sun ci lambar zinariya ta ƙungiya sau 10 jere, daga 1988 zuwa 2024. Ba asiri gare su ba. Maimaici ne, kullum, kullum.

Samarin Baleyara da na Filinge su ma suna iya shirya gasa bayan girbi ko ranar salla. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke son cin gasa, gida zai fara.

Kayan aiki

Ba su da tsada. Ranar Lahadi, a kasuwar Baleyara, ana samun tsohon buhu da robar cikin tayar keke. A cika buhu da tsummoki da ƙaiƙayi, a danna sosai, a ɗinke baki. A ɗauki gawayi a zana da'ira uku a jikinsa. A rubuta 3 a ta tsakiya, 2 a mai bi mata, 1 a ta waje.

Koyo ba da kibiya ba

1. Ido. Kowa da idon da ya fi yi mishi bara. Mutum shi nuna wani icce mai nisa da yatsa, idanu biyu buɗe. Shi rufe na hagu, shi buɗe, sa'an nan shi rufe na dama. Idon da ya bar yatsa bisa iccen, shi ne idon bara.

2. Tsayi. Mai koyo shi tsaya a karkace, kafaɗarsa tana duban buhu. Tsakanin ƙafafu shi kai faɗin kafaɗu. Shi shata wurin a ƙasa, don gobe shi taka nan.

3. Ja. Shi riƙe roba kamar baka. Shi ja har hannu shi taɓa gefen bakinsa. Kullum wuri guda hannu zai taɓa. In yau baki ne, gobe kunne, kibau za su watse. Shi ƙirga biyar, shi sassauta a hankali. Sau 20 da safe, sau 20 da marece sun isa farko.

Gargaɗi: kada a ja tsirkiya a sake ta babu kibiya. Wannan shina tsaga baka, shina tsinka tsirkiya.

Koyo da kibiya

In hannu ya daina rawa, sai a ɗana kibiya. A fara da taki 5 kawai. Mai koyo shi ja numfashi, shi riƙe shi kaɗan, shi saki yatsu a hankali. Kada shi sauke hannu sai kibiya ta kafe. In kibau 5 suna taruwa wurin da faifai zai rufe, sai a ƙara taki 2. Gaggawar ja da baya ba ta ƙara komi sai ɓatan kibau.

Ga inda karatu ke da rana. Mai koyo shi sami kaye, shi rubuta kwanan wata, da yawan taki, da makin da ya ci. Misali: taki 7, kibau 5, maki 11. Baki shina iya yabon kansa, amma takarda ba ta ƙarya.

Hattara da rai

Wannan shi ne mafi girma. Kibiyar da ta tashi ba ta jin kira.

A jingina buhu ga katangar ƙasa mai tsawo. Kada a jingina shi ga zana ko darnin kara. Kibiya tana huda su, ta sami macen da ke daka a gidan maƙwabci.

Kafin a fara, a ɗaure bisashe. Yara su koma bayan maharbi. Kada kowa shi je ɗaukar kibiya sai an aje baka ƙasa.

Kibiya mai dafi ba ta koyo ba ce. Dafin kwankwani shina tsai da zuciya, ko da rauni ƙarami ne. A rataye kwari sama, inda yaro ba ya kai.

In tsautsayi ya faru, kada a fizge kibiya daga jiki. A bar ta nan, a kai mutum likita nan take.

Ya kamata a shaida wa maigari kafin a soma. A kuma nemi tsofaffin maharba su zo su duba tsayi da riƙo. Su ke da sanin nan. In ba a karɓa daga hannunsu ba yau, gobe babu mai ba da shi.